Injiniya, Mai Gyaran Rediyo

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda aka fi sani da Injiniya, a shekarar 1956 a wani ƙaramin gari na bakin layin dogo. Mahaifinsa direban babbar mota ne, mahaifiyarsa kuwa tela. Karatun boko bai karɓe shi ba. Yana aji shida ya kwance rediyon shugaban makarantarsu don ya ga masu magana a ciki, ya samu bulala da sana'a a rana guda.

Sana'a da Iyali

A 1977 ya buɗe shagon gyara a ƙofar kasuwa, inda rediyo biyar kan yi surutu lokaci guda, shi ne na shidansu. A 1982 ya auri ƙanwar abokinsa, wadda ta yi ta kawo masa gyara alhali rediyonta lafiyarsa ƙalau. Allah ya albarkace su da 'ya'ya uku.

Jinya

A 2009 likitoci suka gano ciwon daji a hanjinsa. Saboda tsananin ƙauna, iyalinsa suka rufe shagon, suka ɓoye akwatin kayan aikinsa, suka riƙa sallamar masu kawo gyara tun daga bakin ƙofa, wai don ya huta. Gida ya yi tsit. Injiniya ya juya fuskarsa bango, ya daina taɓa abinci, daga bisani ya ƙi komawa asibiti.

Likitarsa ta ce wa matarsa, "Ba dajin kaɗai ke cinsa ba, akwai ciwon damuwa. In ba a magance shi ba, zai bar maganin, mu rasa shi."

Aka haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Ita kuwa matar, hankalinta a tashe, ta ɗauki almakashi ta yanke waya guda a cikin tsohon rediyonta, ta ajiye shi a gefen gado.

"Maigida, abin nan ya mutu. Ko in kai wa yaron nan na kasuwa?"

"Wa? Wancan maɓarnacin? Miƙo mini akwatina."

Ya gyara shi, ya nemi abinci. Sannu a hankali ya koma karɓar magani, har ya sake buɗe shago a 2011. Rediyon dai bai fasa mutuwa duk mako ba. Ya taɓa ce wa babban ɗansa, "Uwarku jar waya kaɗai ta sani. Kada ka kuskura ka gaya mata na gane."

Rasuwa

Ciwon ya dawo a 2017, Allah ya yi masa rasuwa cikin damina, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: babban mai gyaran wayar hannu, mai bi masa malamar makaranta, da auta ma'aikaciyar jinya.

Rediyon na nan a kan taga. Da safiyar ranar rasuwarsa matar ta yanke jar wayar, bai samu gyarawa ba, kuma har yau ta hana ɗansu ya taɓa shi.