Ranar da Na Tashi Na Ba Shi Kujera

Ni dai ban gama sakandare ba. A aji huɗu na ajiye, ba korata aka yi ba, zaman ne ya gagare ni. Bayan nan babu abin da ban taɓa ba. Na yi gyaran rediyo, na sayar da kaset a bakin titin gidan zu, na yi acaɓa da mashin ɗin wani har ranar da na zubar da wata mata da kwandon tumatirinta a Unguwa Uku, na ce wannan ma ba tawa ba ce. Innata takan ce ƙafata ce ke ƙaiƙayi. Abu ɗaya ne ya taɓa zaunar da ni wuri guda, shi ne kwamfuta.

Lokacin sojoji ba su jima da komawa bariki ba, shagunan buga takardu sun fara fitowa a Gyaɗi-Gyaɗi. Akwai na wata mata 'yar Filato, tsohuwar sakatariya ce da ta ajiye aikin gwamnati. Kowa Madam yake ce mata, ni kuma Mama. Ita ta ba ni lungu a shagonta na kafa teburina. Kwamfutar tawa haɗe-haɗe ce: akwatin daga gwanjon wani ofis, allon mai ƙatuwar ƙeya daga wajen tsohon ubangidana mai gyaran rediyo, kibod ɗin kuwa sai ka danna wani harafin da ƙarfi kamar kana kashe kuɗin cizo. Amma tawa ce. Ban taɓa mallakar abin da ya kai ta ba.

Zane nake yi. Katin biki, katin suna, kalanda. A lokacin kowa furanni da zobban da suka zo a cikin kwamfuta yake manna wa mutane, ka ga katin auren 'yar malam da kurciyoyi biyu suna sumbatar juna. Ni sai na koma gida. Innata ɗinkin hula take yi, kuma tana da wani zane nata na kanta, ba ta koya wajen kowa ba, wasu ƙulle-ƙulle ne da ke bin juna kamar yaɗon kabewa. Na ɗauko wata tsohuwar hula da ta ɗinka wa marigayi babanmu, na ajiye gefen kibod, na riƙa bin zanen da mawus ɗigo-ɗigo har ya zama kewayen kati.

Wata rana wani ɗalibi ya kawo disket, ɗan faifan ajiyar rubutu, a buga masa takarda. Kwamfutar Mama na cikin aiki, na ce kawo nan. Washegari na kunna, babu komai. Bairos, cutar kwamfuta da ta biyo disket ɗin, ya cinye zanen duka. Na zauna a bakin shago kamar wanda aka yi wa rasuwa, mai shayi ma sai da ya tambaye ni wa ya mutu.

A nan Injiniya ya shigo maganar. Abokin yayana ne tun suna yara, a gidanmu yake cin tuwo, Inna tana kiransa ɗanta. Ya yi karatun kwamfuta a babbar makaranta, shi ke zagaya shaguna yana gyara. Ni Yaya nake ce masa. Kullum bayan la'asar yakan zauna a bencin ƙofar shago shi da Mama su yi ta musu a kan abu ɗaya, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Iri biyu ce muka sani. Akwai wadda kowa ke amfani da ita, muna ce mata mai tuta saboda hoton da ke fitowa in an kunna. Akwai kuma wata ta kyauta da Injiniya yake yawo da faifanta a jaka, mai hoton wani tsuntsu mai ƙaton ciki, ita ce mai tsuntsu.

"Mai tuta gida ne babu ƙyaure," in ji shi. "Kowa ya zo da takalminsa har uwar ɗaka. Mai tsuntsu kuwa kowa da ɗakinsa da kwaɗonsa. Bairos in ya shigo, a zaure zai kwana."

Mama ba ta ko ɗaga kai daga bugun da take yi ba. "Injiniya, firintata ta san tsuntsun nan naka?"

"Za a koya mata."

"In Alhaji ya kawo takardar fili a disket yana tsaye a kaina, tsuntsu zai buɗe, ko sai na ce masa ya jira a koya wa firinta?"

"Mama, ke kin saba da wahala ne. Ko an ba ki katifa sai kin nemi tabarma."

"Kaji ma tsuntsaye ne, kuma mura tana kwashe su."

Masu jiran a yi musu hoton takardu suka yi dariya, shi ma ya yi. Ta ƙara da cewa ita ta daɗe tana aikin ofis, ba ta taɓa ganin an fasa kabad ba, amma takardu suna ɓacewa. Ya ce wannan zancen kabad ne, mu kimiyya muke magana. Ni a lokacin bayansa nake. Mutumin da aka cinye wa zane ai ko ruwan rubutu aka ce yana maganin bairos zai zuba wa kwamfuta.

Ranar wata Asabar da hantsi ya zo da faifan. Ya ce ni zan ɗora da hannuna don in koya. Kujera ɗaya ce a lungun. Na zauna, shi yana tsaye a bayana yana karanta Turancin yana cewa danna nan, danna can. Tun da aka fara jikina bai saki ba. Yaya yana tsaye, ni ina zaune kamar wani hakimi? A gidanmu ko ruwa ba ka sha a zaune babba na tsaye. Sau biyu ina yunƙurawa yana dafa kafaɗata.

Can sai allon ya tsaya, ya fito da wani gurbi. Ya ce, "Yawwa, nan sai a hankali. Kalmar sirri take nema. In aka yi kuskure a nan, aikin ya koma baya."

Ai kuwa na samu ƙofa. Na miƙe na ce, "Yaya, zauna." Ya zauna. Ni kuma na juya fuskata wajen titi, don ba a tsura wa babba ido yana abin sirri. Ina kallon wani mai rake yana fere, ina jin ƙarar kibod a bayana, har da wannan harafin mai taurin kai.

Da ya gama ya ce in dawo in sa tawa, ta ɗakina. Ya rufe idonsa da tafin hannu biyu yana dariya, ya juya baya har yana tuntuɓe da wayar inji. "Ka gani? Ko ni ban san taka ba. Daga yau babu mai taɓa maka kaya."

Gaskiya ya faɗa, bai san tawa ba. Har yau bai sani ba.

Na sake zanen daga farko. Wannan karon ya fi na farko kyau, don hannuna ya faɗa. Nakan kai wa Inna a takarda ta duba, ta ce wannan ƙullin ya yi ƙiba, wancan ya kamata ya bi ta ƙarƙashi. Ba ta taɓa ganin kwamfutar ba, amma tare muka yi aikin. Bairos kuwa, gaskiya, bai ƙara shigo min ba. Disket ɗin da zai kwantar da ta Mama, tawa ko tari ba ta yi. Har na fara shiga musun bencin ina ɗaga murya.

Zaɓe ya matso. Wani Alhaji a Tarauni zai tsaya kansila, ɗan'uwansa ya zo buga takarda ya ga zanen a allona, ya tsaya ya daɗe. Ya ce in haɗa fosta da wannan kewayen in kai wa Alhaji ya gani. Ka san mene ne fostar ɗan takara a lokacin? In taka ta hau bango, sunan shagonka na ƙasa, to duk unguwa ta san ka. Ni har na zaɓi shagon da zan kama. Na haɗa, na fara nuna wa Yaya, don wa zan nuna wa in ba shi ba?

Ya duba, ya gyaɗa kai. "Ya yi. Amma sarkin gaggawa, kar ka kai yanzu. 'Yan siyasa in ka je da wuri raina ka suke. Bari a kusa, su ne za su neme ka."

Na bari. Ni da ban taɓa jiran komai ba a rayuwata, na jira.

Inna ce ta kawo min labari. Ta je barka Tarauni, ta dawo tun daga soro take kirana, mayafinta na zamewa. Ta ce, "Na ga hulata a bango. Tun daga kasuwa har bakin titi, ko'ina hulata. Shi ne ba ka faɗa min ba?" Ta riƙe kaina tana sa min albarka. Kafin in ce wani abu ta leƙa ta katanga tana gaya wa maƙwabciyarmu.

Na fita ko takalmin kirki ban sa ba. Ga fostoci nan kuwa, a jikin katanga, a jikin falwaya, a bayan motocin haya. Fuskar Alhaji a tsakiya, yaɗon kabewar Inna ya kewaye shi. Har ƙullin da ta ce ya bi ta ƙarƙashi, ya bi. A can ƙasa da ƙananan haruffa, sunan wani sabon shago a Unguwa Uku. Na san shagon. Ni na taya Yaya shafa masa fenti.

Na wuce wajen Mama. Da ta ji, ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ranar da na tafi Sabon Gari sayen takarda ya zo, ya ce zai duba lafiyar kwamfutata. Ya zauna, ya buga wani abu, ta buɗe. Ya sa faifai, ya ɗan jima, ya tafi. "Ɗana, na ɗauka ka sani. Na ga ta buɗe masa kamar ta san shi."

Na ce ai bai san kalmata ba.

Ta ce, "To wacce ya sa ranar da ka tashi ka ba shi kujera?"

A shagon nasa na sami Yaya yana cin gurasa, sabuwar firinta na aiki a bayansa. Bai ko razana ba. Ya tura min faranti. "Bismillah."

Na ce, "Yaya, kalmar da ka sa ranar nan, ta mece ce?"

"Ta maigida. Kowace mai tsuntsu tana da maigida. Shi ke shiga kowane ɗaki, in ba haka ba wa zai yi gyara?"

"Kwamfutar tawa ce."

"Wa ya ce ba taka ba ce? Kai ka tashi ka ba ni wuri. Na ƙwace ne?" Ya suɗe yatsa. "Ka tsaya ka ji. Kai ka isa ka shiga gaban Alhaji? Wace firinta za ka buga da ita, ta Mama mai tari? Da an ba wani can daban. Yanzu aikin a gida ya tsaya. Kuma ita kanta mai tsuntsun da kake taƙama da ita, waɗanda suka yi ta kyauta suka bayar. Ilimi ba a ɓoye shi."

"Amma sunanka ne a ƙasa."

"Sunan shago ne. Kayan ƙane ai na yayansa ne. Ka zo ka zauna nan, ga tebur, ka daina yawo."

Abin da ya fi ci min rai, babu ƙarya ko ɗaya a bakinsa da zan kama. Na tsaya ina kallon gurasar. Ban zage shi ba, bakina ba zai iya ba, mutumin da ya goya ni a keke zuwa makarantar allo. Na ce sai anjima, na fita.

Zanen bai tsaya a fostar ba. Kafin a yi zaɓe ya shiga hannun masu buga kati na gari, kowa ya kwafa wajen kowa. Na gan shi a katin suna, na gan shi a kalandar wani mai maganin basir. Babu wanda zai ƙara tsayawa a bayan allona ya daɗe saboda shi.

Na tambayi wani mai gyara ko akwai yadda zan karɓe kalmar maigida. Ya ce akwai dabaru, amma in ina son hankalina ya kwanta, in share komai in ɗora sabo. Na kwashe abin da zan kwashe, na share. Mama ta ce in dawo mai tuta mu huta. Na ce a'a, tsuntsu bai yi min komai ba. Na aro faifai a wani wuri, na yi ta fama da Turancin ni kaɗai, Mama na fassara min inda na maƙale, tana tsaye a kaina. Da aka zo gurbin nan na kalmar maigida sai na ji ƙafata ta motsa da kanta, zan tashi. Ta danna kafaɗata ta mayar da ni, ta fita bakin shago tana kiran mai lemo.

Musun benci ya ci gaba, wasu ne suka gaje shi. Ni na daina sa baki. Yaya bai daina zuwa gidanmu ba, ranar sallah ma ya zo, Inna ta zuba masa nama fiye da na kowa.

Ita kuwa ta sa wani yaro ya ɓamɓaro mata fosta ɗaya daga bango, ta liƙa a ɗakinta kusa da madubi, duk da ba ta san Alhajin ba, kuma bai ma ci zaɓen ba. Inna tana karatun Alƙur'ani, amma ba ta karanta boko. Wata rana ina cin abinci a ɗakin ta sa yatsa a kan ƙananan haruffan nan na ƙasa ta ce, "Wannan sunanka ne?"

Na haɗiye lomar da ke bakina. Na ce, "Sunan shago ne, Inna."

Ta ce Allah ya sa albarka, ta shafe gefen da ya ɗago da tafin hannunta.