Ranar Da Shanu Suka Amsa Lasifika

Mutanen da suka san ƙanena a yau sun san shi da kamfanin wayoyi da na'urori, da jarin da yake zubawa a sana'ar matasa, da rijiyoyin burtsatse da ajujuwan da ya gina a ƙauyuka. Ni kuwa na san shi tun yana warin dalma da ƙonanniyar waya, tun rigarsa ba ta rabuwa da hujin ruwan batir. Na girme shi da shekara bakwai, kuma tunda na ɗauki alƙalami gara in faɗi gaskiya: a cikin masu raina sana'arsa a Potiskum, ni ne liman.

Mahaifinmu daga Barno ya zo, fatoma ne a kasuwar shanu. Aikin fatoma shi ne baƙo ya koro dabbobinsa daga nesa ya sauka a gidanka, ka ba shi tabarma da tuwo, ka tsare masa dabbobin, ka nemo masa mai saye. Ba ka da saniya ko ɗaya a ciki. Abin da kake da shi kawai shi ne mutane su ce, "A kai wa wane, ba ya cin amana." Ranar da aka daina faɗin haka, sai ka naɗe tabarmarka. Da mahaifinmu ya rasu ni na gaji wannan suna, ina kuwa ji da shi kamar ƙwai a cokali.

Ƙanena bai taɓa son riƙe igiya ba. A farkon shekarun sittin, da rediyo mai batir ya fara yawa a gari, sai ya liƙe wa wani tsohon soja da ya yi aikin waya, ya koyi gyara, ya dawo ya mamaye zaurenmu na unguwar Dogo Tebo da gawarwakin rediyo. Lokacin yaƙin basasa kowa yana son jin labari, sai kasuwarsa ta buɗe. Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne, duk wanda ya iya gyara a hannunsa, sai ya haɗa masa kayan aiki ya ce ya je ya buɗe nasa shagon. Ɗaya a unguwar Yindiski, ɗaya a bakin tasha. Na ce masa, "Kai wane irin ɗan kasuwa ne, kana shuka wa kanka abokan hamayya?" Ya ce, "Yaya, in mutane suka san ko'ina akwai mai gyara, za su ƙara sayen rediyo." Na yi tsaki na wuce.

Sai kuma ya ƙera lasifika. Ya tattaro kayan cikin matattun rediyo, ya sa maƙerin farfaru ya buga masa ƙaho daga garwar kananzir, ya jona da batirin babbar mota. Burinsa a riƙa cigiya da shela da ita a kasuwar shanu. Ranar Larabar da ya gwada, abin ya saki wata irin ƙara mai tsaga kunne, shanu suka firgita suka watse. Ƙoren nono sun fashe, teburin wani mahauci ya kife, wani dillali ya tsinci kansa a kan rumfa bai san yadda ya hau ba. Da dattawan kasuwa suka zauna a gaban sarkin tike, wato shugaban kasuwar, muryata ta fi ta kowa tashi. Na ce ko da ɗan'uwana ne, gaskiya ɗaya ce, shanu ba 'yan siyasa ba ne da za a tara su a yi musu lacca. Aka yi dariya, aka hana shigo da lasifika kasuwa. Ƙanena kuwa ya ɗora kayansa a amalanke ya tura gida.

Bayan shekara biyu aka shiga farin nan na farkon shekarun saba'in. Ciyawa ta ƙare a daji, tafkuna suka bushe, makiyaya suka yi ta kwararowa da dabbobi don su sayar kafin su mutu. Ban taɓa ganin kasuwa ta cika irin haka ba. Ni kuma kwaɗayi ya sa na karɓi baƙi fiye da abin da shingena zai ɗauka.

A cikin baƙin akwai wani tsohon Bafulatani da ya saba sauka wurin mahaifinmu. Da can garke guda yake korowa, amma a wannan karon shanu goma sha ɗaya ne suka rage masa a duniya. Bijimai biyu yake son sayarwa ya sayi hatsi, sauran ya taho da su ne don ba wanda zai bar wa. Ya damƙa mini su da hannunsa, ya tafi ya yi alwala.

Wajen hantsi wasu bijimai biyu suka kaure da faɗa a cikin cunkoson, shingen ya faɗi, duk abin da ke ciki ya malala cikin kasuwa. Shanun fatake ba su ba mu wahala ba, domin duk saniyar da aka saya ana shafa mata fentin mai ita a gadon baya. Na tsohon kuwa ba fenti, tunda ba a sayar ba. Tsagar kunne kawai gare su, wa zai tsaya duba kunne a cikin dubban shanu, dukkansu farare, dukkansu ramammu? Ga shi bayan la'asar manyan motoci za su tashi zuwa Kudu, masu kora a ƙafa su ma za su kama hanya. Duk saniyar da ta bi wani garke, ta tafi ke nan.

Muka yi ta kutsawa har azahar, ko ɗaya ba mu samu ba. Tsohon bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Fatoma, amana na ba ka." Ya hau kan wani kututture yana kira, amma tafiya da ƙishirwa sun dusashe masa murya, ko ni da ke gefensa da ƙyar nake ji. Ya sauko ya zauna ya ce, "Da tana jin ni, da ta zo. Shanuna ba ta ƙin kira." Na ga dillalai sun fara kallona suna ƙus-ƙus. Tsoro ya kama ni, domin na san kafin magariba labari zai kai kowane masauki.

Ina cikin wannan hali na hango amalanke tana tahowa ta bayan kasuwa, da ƙahon garwa a kai. Ban aika wa ƙanena ba, a gari ya ji labari. Na tare shi tun bai ƙaraso ba, na ce, "Kai, ka zo ka ƙarasa ni ne? Juya da tarkacenka!" Ya ce, "Yaya, ka bar Baffa ya yi kira sau ɗaya." Na ce, "Na ce ka juya!" Tsohon ne, da ya biyo bayana, ya dafa kafaɗata ya ce, "Fatoma, bar shi. Me ya rage da za ta ɓace?" Mu uku ne kaɗai a wurin, ba wanda ya ji wannan magana.

Ƙanena bai shiga kasuwa ba. Ya tura amalanken kan wani tudu a gefe, ya ɗebi ƙaiƙayi ya watsa sama ya ga inda iska take kaɗawa, ya juya bakin ƙahon can. Ya zaunar da tsohon, ya ba shi ruwa, ya ce ya yi kiran a hankali kamar yana tsakiyar garkensa. Shi kuma ya kara kunne a bakin ƙahon yana murɗa wani ɗan maɓalli, ya murɗa, ya saurara, ya sake murɗawa. Ni ina tsaye kamar zan fashe, ga rana tana karkata. Da ya ga na matsu sai ya ce, "Yaya, saniya murya take bi. Wancan karon gwangwani suka ji, shi ya sa suka gudu. Yau so nake su ji shi." Sai a lokacin na gane abin da ya shekara biyu yana yi a zaure, lokacin da nake zaton ya haƙura.

Sannan ya fara ƙara sauti kaɗan-kaɗan. Muryar tsohon ta tashi ta bi iska ta shimfiɗu a kan kasuwa, ba tsagewa, ba kururuwa. Muryarsa ce sak, har da dusashewarta, sai dai ta yi faɗin da za ta rufe filin gaba ɗaya. Yana kiran kowace saniya da sunanta na Fulatanci, yana jan ƙarshen sunan, yana haɗawa da wani ɗan sauti na maƙogwaro. Hayaniyar ciniki ta ragu, mutane suka ɗaga kai suna neman inda abin yake fitowa. Na tsaya ina jiran shanu su watse. Ba wadda ta motsa.

Can sai na ga wata saniya mai baƙin kunne ta ɗaga kai a tsakiyar taron. Ta tsaya cak, ta juya, ta fara ture 'yan'uwanta da ƙirji tana nufo tudu. Daga wajen rumfar mahauta wata ta fito. Daga gabas wata, da ɗan maraƙinta a baya. Mutane suka riƙa darewa suna ba su hanya ba tare da an ce su dare ba. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na tashi a cikin shanu, na san suna sanin mai su, amma ban taɓa tunanin garwar kananzir da matattun rediyo za su ɗauki wannan sanin su kai shi ƙarshen kasuwa ba. Na ji wani dattijo a bayana yana ta maimaita "Ikon Allah!" kamar ya manta sauran magana.

Goma suka taru a gindin amalanke suna shinshinar rigar tsohon. Saura ɗaya, tsohuwar saniya, uwar mafi yawansu. Ya kira, shiru. Ya sake kira, ba ta fito ba. Ƙanena ya sauko ya juya ƙahon zuwa inda motoci suke lodi, ya ce, "Baffa, ƙara ɗaya." Tsohon ya kira. Daga cikin wata mota da aka riga aka rufe, sai muka ji kukan saniya. Ya kira, ta amsa. Ya sake kira, ta sake amsawa. Mai lodin ya ce shi garkensa aka koro masa, bai san da ita ba, kuma na yarda da shi. Sarkin tike, da ya iso wurin da jama'arsa, ya ce a buɗe mota a sauko da ita, wannan shari'ar saniya ta yanke ta da bakinta. Da aka sauko da ita tsohon ya rungume wuyanta yana kuka, ni ma na juya baya na share nawa.

Sarkin tike ya dubi ƙanena ya ce, "To, malam, wa ya ba ka izinin dawo da abin da aka hana?" Duk kasuwa tana saurare. Ƙanena ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, Yaya ne ya aika a kira ni. Shi ya ce in makiyayi ne ya yi kira da bakinsa, shanu ba za su firgita ba." Sarkin tike ya juyo ya kama hannuna ya ɗaga, ya ce ga ɗan da ya gaji ubansa, wanda bai ji kunyar lashe maganarsa ba don ya ceci amanar baƙo. Na dubi tsohon. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana shafa saniyarsa.

An ɗage dokar a ranar. Ƙanena ya kafa rumfar shela a bakin kasuwa, bayan shekara guda ya bar wa wani da ya koya a hannunsa, kafin ƙarshen shekarun saba'in kuma ya koma Kano, inda harkarsa ta girma ta zama abin da aka sani yanzu. Ni kuwa baƙi suka ninka a masaukina. Daga nesa makiyayi zai zo yana tambayar gidan fatoman da ya sa aka kira shanu da lasifika. Da wannan suna na ciyar da iyalina, da shi na aurar da 'ya'yana, kuma duk lokacin da aka ba da labarin a gabana sai in yi murmushi in ce ai yin Allah ne. Ƙanena bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa. Tsohon ya rasu da shi a cikinsa.

Yanzu na tsufa, ba na so in tafi da abin da ba nawa ba. Duk wanda ya ji wannan labari a Potiskum ya gyara shi. Ban aika a kira shi ba. Korarsa na yi, har sau biyu.