Hantar Cindo a Talabijin

Shekara talatin da 'yan kai Cindo ya yi yana fawa a Maigatari. Duk ranar Alhamis, kafin mutanen Damagaram su gama shigo da dabbobinsu, ya riga ya hura tukubarsa a bakin kara, kasuwar dabbobi. Da abu biyu aka san shi: yatsa na shida a hannun hagu, da ido a kan hanta. In aka feɗe sa, shi ake kira. Sai ya ɗaga hantar, ya latsa, in ya ajiye bai ce komai ba, to karnuka sun samu.

A 1996 ciwon daji ya kama shi a hanji. Aka yi masa aiki a Kano, ya dawo da ɗinki tun daga ƙirji har ƙasan cibiya. Ɗinkin nan ya burge shi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ɗaga masa riga, ya ce aikin wanda ya san wuƙa ke nan.

Bayan shekara biyu ciwon ya ɓulla a hanta. Wata shida ana ɗura masa magani mai ƙarfi ta jijiya. Ƙullutun ciwon ya ƙanƙance, amma maganin ya taɓa hantar kanta, idanunsa suka yi ɗorawa, abinci ya fita ransa. Likitoci suka bar ta ta huta wata biyu, sannan wani da ya dawo daga waje da sababbin kayan aiki ya yi masa tiyata.

Kwana biyar aka sallame shi. Unguwa ta cika da murna, mata na ta rangaɗa guɗa a cikin gida, mahauta sun cika zaure suna jiran a ɗaga riga. Ya ɗaga. 'Yan huji huɗu ne, babbansu bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Ubale, abokin fawarsa tun suna samari, ya duba, ya sa hannu ya sauke masa rigar a hankali. Kowa ya taɓa jin labarin wanda likitoci suka leƙa cikinsa suka rufe.

Cindo ya fi kowa sani: ba a fitar da yankin hanta ta inda hannu ba ya shiga. Ya daina shan magani. Kunun da matarsa Zinariya ke damawa ya riƙa komawa yadda ya zo. Ya kira Ubale ya miƙa masa barhonsa, wuƙar fawarsa.

Maƙwabciyarsu Dinah, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, ita ke wanke masa hujin. Ta yi masa bayani har ta gaji cewa ta hujin aka ciro ƙullutun.

"Na gode, 'yata," in ji shi. "Ku an koya muku lallashi."

Sai ta tuna likitan yana ɗaukar aikinsa a bidiyo don koyar da ɗalibai. Ranar Litinin ta hau motar Kano, ranar Laraba ta dawo da kaset a jaka. Ta ce su kalla su uku, Cindo ya ce a'a, a kira mahauta, su ne shaidu.

Kafin Juma'a labari ya kai har garin Sule Tankarkar. Ana sakkowa daga masallaci aka ɗauko talabijin da bidiyo da janareta daga gidan kallo. Zaure ya cika, waɗanda ba su samu wuri ba suka yi cirko-cirko a ƙofa, har da 'yan Nijar da suka fasa tafiya.

Da farko ja kawai ake gani. Can Ubale ya nuna da yatsa ya ce ga maɗaciya. Cindo ya gyara zama. Ga hanta nan ta cika gilashi, ta koɗe, dabbare-dabbare.

"Wannan ko kyauta ba na karɓa," in ji shi.

Zaure ya kece da dariya. Dinah ta ce tabon magani ne, yana washewa in mai ita ya ci abinci.

Sai wani siririn ƙarfe ya shigo ya nufi farin ƙullutu. Nan fa wuri ya rikice. Wannan na cewa likita ya bi ta gefe, wancan na gargaɗinsa kada ya fasa maɗaciya, wani dattijo har ya miƙe zai riƙe masa. Ƙarfen ya yi ta zagayawa, yana yanka yana ƙone bakin jini, har ƙullutun ya rabu. Aka tura shi cikin 'yar jaka, aka tsuke, aka ja ta waje.

Hannun Cindo ya tafi kan babban hujin. Ya ce a maido baya. Sau uku aka maido.

Abin da kawai ya soka shi ne likitan ya yi ɓarnar nama mai kyau a gefe. Dinah ta ce da gangan ne, don kada saiwa ta rage. Cindo ya gyaɗa kai. Haka shi ma yake yi wa ruɓaɓɓen wuri.

Ya leƙa cikin gida ya tambaya ko kunun safe ya rage. Sai ƙarar ludayin Zinariya aka ji. Sannan ya juyo.

"Ubale, barhon nan fa aro na ba ka."

"Na sani, mai hantar karnuka. Ko wasa shi ban yi ba."

Da kaka idanunsa suka yi fari, ya koma tukuba, a zaune, wasu na ɗauko masa nama. In baƙo ya nemi ganin wurin, yakan ɗaga riga, ya tsallake dogon ɗinkin, ya ƙirga masa huɗun.