Ranar Da Na Wanke Wa Wani Wurin Zama

Akwai wata ranar Alhamis a garin Sabha na Libiya da ba na jin za ta fita daga kaina, ko da tsufa ya cinye min sauran tunani. Ba haɗari aka yi ba, ba kuma zagina wani ya yi ba. Bel ɗin kujerar mota kawai na wanke a tsakar gidana.

Ina da aboki, ɗan unguwarmu ne tun daga gida Katsina. Na ɗan girme shi, shi ya sa yake ce min yaya. Ni na riga shi zuwa Libiya, ni na tarbe shi ranar da ya sauko daga bayan mota ko tsayuwa ba ya iya yi, kuma a ɗakina na unguwar Jadid ya zauna har ya samu abin yi. Daga baya Allah ya buɗa masa a harkar kayan waya, ni kuwa ina nan da tsohuwar a-kori-kurata ina jigilar tumatir da dabino daga gonaki zuwa kasuwa. Wallahi dukiyarsa ba ta taɓa tsone min ido ba. Abin da ya fara ci min rai wani ɗan kasuwa ne mutumin Agadas, mai fararen kaya da ƙamshin turare, wanda ya shigo rayuwarsa da rana tsaka. Magana kaɗan sai abokina ya ce mutumin Agadas ya ce kaza, mutumin Agadas ya san wane. Ni dai sai in ce madalla in kau da kai.

Ana nan sai ya sayo wata jar mota daga Turabulus, irin ta tseren nan da cikinta ya kusa shafar ƙasa. Ƙofa biyu, kujera biyu rak, ta direba da ta mutum ɗaya. Ta ɗan sha hannu, amma in ta wuce sai kowa ya waiwaya. Aibinta ɗaya ne, bel. In ka cire shi, maimakon ya koma gidansa da kansa, sai ya tsaya yana reto kamar harshen akuyar da ta sha rana. Ka rufe ƙofa ta datse shi, rabinsa a waje yana jan ƙasa.

Da hantsin ranar ya shigo min da motar har tsakar gida. Ya ce gobe bayan sallar Juma'a zai tafi garin Samnu, wani Balarabe mai gonar dabino ya yanka raguna ya gayyaci 'yan kasuwa, an ce kowa ya zo da mutum ɗaya. Ba ya so a gan shi yana tura bel da hannu a gaban manyan mutane, musamman na ɓangaren fasinja da ya fi lalacewa. Ban tambaye shi da wa zai tafi ba. Wa zai zauna a wurin in ba ni ba? Har na faki idonsa na leƙa ɗaki na ce wa maiɗakina ta fito min da shaddata ta sallah ta goge.

Aikin ba wani mai wuya ba ne, duk wanda ya daɗe da mota a garin rairayi ya san shi. Gumi da ƙura ke haɗuwa su sa bel ya yi tauri har ya kasa naɗe kansa. Na zaro shi gaba ɗaya har ƙarshe, na datse gindinsa da filaya don kada ya koma, na tsoma shi a bokitin ruwan ɗumi da garin sabulu. Kafin ka ce me ruwan ya koma kamar kunun kanwa. Ina dirza da buroshi ina ba shi labari, ina jin daɗi, don a raina wurin zamana nake gyarawa.

Hannuna na cikin wannan dauɗar wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka ya washe baki, ya kwararo gaisuwa rabi Hausa rabi Larabci, nan take na gane da wa yake magana. Sai na ji ya ce, “Gobe ana sallamewa zan biyo in ɗauke ka. Ka sa fararenka ba fargaba, ga shi nan ma ana wanke maka bel ɗin.”

Ana wanke maka. Ko sunana bai samu shiga zancen ba.

Ban ɗago ba. Na ci gaba da dirza, amma kunnuwana sun yi zafi. Kishi ne, ba zan ba shi wani suna ba. Da gemuna da 'ya'yana, ina durƙushe gaban bokiti ina kishin wani ƙato a kan kujerar mota. Na tuna lokacin da muke cin taliya a kwano ɗaya, ina tura masa ɓangaren da ya fi mai. Ina mutumin Agadas yake a lokacin?

Shaiɗan kuwa bai bar ni na huta ba. Na san in na bar sabulu da sauran dattin a jiki, ko na saki bel ɗin bai gama bushewa ba, gobe zai zana baƙin layi daga kafaɗa har ƙugu a kan farar rigar nan. Na hango mutumin Agadas yana saukowa a gonar Balarabe, mutane na kallon ƙirjinsa. Ba zan ɓoye ba, hoton ya yi min daɗi, har na ɗan jima ina kallonsa a raina. Daga nan na yi a'uziyya, na zubar da ruwan, na ɗebo wani na ɗauraye, na sake ɗaurayewa har ruwa ya fita garau. Na goge zoben da bel ke bi ta cikinsa a saman kafaɗa, inda dauɗa ta daskare, na shanya bel ɗin a inuwa a kan igiyar wanki. Na yi wa na direba haka shi ma. Abokina yana zaune a kan tabarma yana shan shayina, ko a jikinsa.

Bayan la'asar suka bushe ƙarau. Na cire filaya, ya ce in shiga in gwada. Na zauna a kujerar fasinja, laushinta ya karɓe ni, na ja bel na ɗaura na sake shi. Sai ji ka yi zuut, ya koma gidansa kamar sabo. Ya yi tafi yana cewa hannuna akwai albarka.

Daidai nan maiɗakina, baiwar Allah da ba ta san me ake ciki ba, ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambaya wace hula zan ɗora a kan shaddar gobe, don ta goge su tare.

Abokina ya juyo. Ya dube ni, na dubi sitiyari. Na ga lokacin da ya gane, fuskarsa ta canza, ya sosa ƙeya. Da ya yi shiru ma da ya fi min. Sai ya dafa ƙofar ya sunkuyo ya ce, “Haba yaya, kai ai ɗan gida ne. Shi baƙo ne, dole a girmama shi. Ni da kai har sai an yi wannan?”

Na ce masa haka ne. Me zan ce? Abin da ya fi min ciwo shi ne, da zuciya ɗaya ya faɗa, a wurinsa yabo ne ya yi min. Haka muka taso, baƙo ake shimfiɗa wa tabarma, ɗan gida shi ke ɗauko ta. Ya yi alkawarin wata Juma'ar za mu zaga gari ni da shi. Na fito daga motar na buɗe masa ƙyaure ya fita da baya.

Wata Juma'ar ba ta zo ba, kafin shekara ta zagayo ya sayar da motar. Zaman gwajin nan shi ne na farko kuma na ƙarshe da na yi a cikinta. Muna tare har gobe, kuma duk abin da ya lalace masa ƙofata yake fara bugawa.

Abin da na koya a ranar shi ne, mutumin da ka fi sakankancewa da shi, shi ka fi saurin mantawa da shi in abin daɗi ya zo. Ɗan gida ma yana da zuciya, kunya ce kawai take hana shi roƙo. Tun daga lokacin, in wani alheri ya same ni mai wurin mutum ɗaya, kafin in waiwayi baƙo sai na fara duba wa ke durƙushe kusa da ni bai ce komai ba.