Tayar da Na Sa da Hannuna

Ni ne ban kyauta ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya wahalar da kansa neman laifin wani a cikin labarin nan.

Ina da taubashi, ɗan goggona, na girme shi da shekara biyu. Tare muka yi makarantar allo da firamare a ƙauyenmu na wajen Kurugu. Ni na tsaya a gona, shi kuma ya tafi Karaye koyon faci. A lokacin dariya nake yi masa, ina cewa ya bar ƙasar gado ya koma sayar da iska. Bayan 'yan shekaru sai ga shi da rumfa, rumfar ta zama shago kusa da tasha, sababbin tayoyi a rataye har rufi, injin iska yana ƙugi tun safe. Ɗan acaɓar da ya san ciwon kansa can yake kai babur ɗinsa.

Shagon bai ci mini rai kamar yadda ake ambatonsa ba. Mahaifina, wanda ni nake nome masa gona, in an yi zancen taubashin nan sai ya gyara zama ya ce, "Yaron nan na goggonku akwai amana." Ban taɓa jin ya faɗi haka a kaina ba. Sai in yi murmushin yaƙe.

Taubashin nawa yana da tsarin aikinsa da kowa ya sani. In ka sayi taya a wurinsa, shi zai sa maka da kansa, ba ya karɓar kuɗin aiki. Amma tsohuwar tayar tasa ce, yana tarawa masu yin takalman taya su zo su kwasa. Ba a taɓa ganin wanda ya fita daga shagon nan da tsohuwar tayarsa ba.

Wata shekara bayan an cire gyaɗa, tayar bayan babur ɗina ta suɗe. Ranar kasuwa na tsaya a wurinsa a ƙara mini iska. Ya durƙusa ya shafa ta, ya ɗago yana dariya.

"Ɗan kawu, wannan ai ta fi kanka sheƙi. Kawo in sauya maka kafin ta kai ka lahira."

"Bawana, yi aikin da aka sa ka," na ce. "Nawa ce sabuwar?"

Ya faɗi kuɗin, har ya rage mini. 'Yan acaɓa suna zaune a benci suna jinmu. Na ce zan yi shawara. A raina kuwa cewa nake, da in ƙara masa bulo ɗaya a ginin da yake yi, gara in tura babur da ƙafa.

Na jira ranar kasuwar Rogo na tafi can, inda ba kowa ya san ni ba. Na sami taya mai araha a hannun wani mai shimfiɗa a ƙasa, na haɗa da tub, na ɗaure a baya. Abin da na rage bai wuce kuɗin man zuwa da dawowa ba, amma na dawo ina jin kamar na ci yaƙi.

Washegari na kafa babur a tsakar gida. Kayan aikina sifana ɗaya ce, da sukundireba biyu, da famfon keken maƙwabci. Matata tana tankaɗe tana kallona.

"Maigida, ka kai wa ɗan'uwanka mana."

"Me ya sani da ban sani ba? A gabana ya koyi tafiya."

Cire tsohuwar ya ɗauke ni har azahar. Wajen tura sabuwar cikin rim, sukundireba ta ciji tub ɗin, na yi ta famfo iska tana fita. Na je na sayo wani tub ɗin a ɓoye, shi ma na huda shi. Na uku ne ya riƙe iska. Na ga gefe ɗaya na bakin tayar bai zauna daidai ba, ya ɗan turo, amma na ce in ta ji hanya za ta zauna. Tsohuwar kuma matata ta ɗauke ta ɗora randa a kai.

Ranar kasuwar Karaye na ɗaura buhun gyaɗa biyu na kama hanya. Ina gab da shiga gari, daidai inda 'yan acaɓa suke tsayawa a gindin darbejiya, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Babur ya yi gefe, ni na yi gefe, buhu ɗaya ya fashe. Gwiwata ta daku, fatar hannuna ta saɓule. Suka rugo suka ɗaga ni, wasu suna tsince mini gyaɗa. Wani dattijo a cikinsu ya duba wilin ya ce, "Sabuwar taya ce fa! Wane mugun ne ya sa maka ita haka?"

Nan ne wurin da na yi abin da na yi. Da na ce ni ne, da dariya kawai za su yi, a wuce wurin. Sai na ce, "Ai kun san inda 'yan'uwa suke kai nasu."

Na faɗa da ɗan murmushi, irin na wasan taubasai, don in an tsare ni in ce wasa nake. Amma ba wasa nake ba, su ma ba su ɗauka wasa ba. Jini yana zuba a hannuna.

Kafin mako ya zagayo maganar ta cika tasha, har an ƙara mata. Wai taubashina yana sayar da taya marar kyau, wai ɗan'uwansa ma bai bari ba. Ina kwance ina jinyar gwiwa labari yake iso mini cewa bencin shagonsa ya koma wayam. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zauna rubutawa: daɗi na ji. Har mahaifina da ya zo duba ni ya yi shiru da zancen amana, na ji kamar an yi mini kyauta.

Rana ta huɗu da la'asar sai ga taubashin nawa ya zo dubiya, da lemo da ayaba a leda. Da yake ɗan gida ne, har tsakar gida aka shigo da shi. Ya zauna a tabarma muka gaisa, ya yi mini sannu, ya ce, "Ɗan kawu, kai da ko jaki ba ka iya hawa ba, wa ya kai ka ɗaukar buhu biyu?"

Matata ta je ɗebo masa ruwa. Ya bi ta da ido har bakin randa, sai na ga idonsa ya tsaya a ƙasan randar. Tsohuwar tayata ce a wurin, wadda ya shafa da hannunsa. Ya daɗe yana kallonta. Ya karɓi ruwan ya sha, ya ajiye kofin a hankali.

"Randar nan ta sami mazauni mai kyau," ya ce.

Da zai tafi ya ce a tura masa babur ɗin. Bayan kwana biyu aka dawo da shi da sabuwar taya, ta zauna daram, har sarƙa ya ɗaure mini.

Na yi ta jira in ji ya tona ni. Abu ne mai sauƙi a wurinsa, ya ce a je gidana a duba ƙarƙashin randa. Bai yi ba. Sai na sami kaina ina ƙyashin wannan haƙurin ma. Shago nasa, yabo nasa, yanzu kuma ga shi ya fi ni hali a cikin gidana. Na yi sati biyu ina hawa tayar da ya sa mini, ina zagayewa ta bayan tasha don kada in wuce ta gabansa.

Goggona ce ta karya ni, ba tare da ta sani ba. Ta zo gidanmu ta kama hannuna mai tabo tana hawaye, tana cewa in yi haƙuri da abin da ɗanta ya jawo mini, ta yi masa faɗa ya ƙi cewa komai. Tsohuwar da ta goye ni tana ba ni haƙuri a kan ƙaryata. Na kasa haɗa ido da ita.

Ranar kasuwa na sauke randa, na ɗaura tsohuwar tayar a bayan babur. Na fara tsayawa a gindin darbejiya na roƙi dattijon nan da mutum huɗu su biyo ni. Muka iske taubashin nawa a shago shi kaɗai yana goge injin iska. Na ajiye tayar a gabansa, na cire hulata, na durƙusa duk da gwiwar tana ciwo.

"Ku shaida," na ce. "Tayar da ta kayar da ni a Rogo na saye ta, da hannuna na sa ta, ga tsohuwar nan da ba ta taɓa shigowa shagon nan ba. Bai san komai a kai ba. Ƙarya na yi masa, kuma ba wasan taubasai ba ne, hassada ce, na daɗe da ita. Ɗan goggo, na ɓata maka suna a wurin neman abincinka, ka sani ka rufa mini asiri. Don girman Allah ka yafe mini."