Ranar da Kakata Ta Zo Naɗin Monita

Shekarar da ake aikin shimfiɗa hanyar jirgi zuwa Gusau aka zo ƙauyenmu, Kekun Waje, neman yaran da za a kai makarantar boko. Kowa ya ɓoye nasa, har da masu cusa ɗa cikin rumbu. Kakata kuwa, wadda ta riƙe ni tun rasuwar uwata, ta kama hannuna ta miƙa. Gari ya ɗauka cewa tsohuwa ta sayar da jika. Ta daina zuwa suna, ta daina zuwa biki, don ba ta iya jure habaici.

A makarantar, can Gusau, akwai wani Bature mai duba malamai, mutumin ƙasar Ailan, ja wur kamar gauta, ga son surutu. Komai sai ya ce haka ake kiransa a garinsu. Ajin farko wai ajin jarirai, alhali a cikinmu akwai mai gemu. Babban malami hedimasta. Ni kuma da ya ga ina da kai, ya ce na zama monita.

Wani mai fataucin goro ɗan Tsafe ya kwashi zancen ya kai ƙauyenmu. Kafin labari ya wuce Bungudu ya yi ƙiba, wai Bature da bakinsa ya ba ni sarauta. To, ina ka taɓa jin an ba mutum suna a gaban jama'a ba sarauta ba? Kakata ta zaga gari gida-gida, har gidajen da suka fi yi mata dariya, tana ba da goro. Sannan ta hau jaki, ta ɗauko makaɗi guda da kalangunsa, suka yo Gusau.

Sun iso da hantsi. Mai sarauta, wato ni, yana duƙe da tsintsiya, yana share kashin awaki a ƙofar aji, alli ya yi masa fari fat har gira. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Makaɗi ya riga ya fara kiɗa tun daga bakin shinge, ya hango ni, hannunsa ya mutu.

Kakata ta sauko ta ce, "Mi kake yi da tsintsiya? Ina barorinka?"

Na ce ai aikin ke nan: shara, goge allo, kaɗa ƙararrawa, da koya wa ƙanana baƙaƙe in malam ya fita.

Bature ya fito jin kiɗa. Da hedimasta ya fassara masa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ma monita ya yi a ƙasarsu, ya share aji, ya hura wuta, ga shi yau. Kakata ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a gaya masa ashe shi ya sa bai yi ƙiba ba.

Ta ja makaɗi gefe. Ban ji duka ba, amma na ji ta ambaci kabarin ubansa, na kuma ga ya ɗaga hannu yana rantsuwa. Har ya mutu, in an tambaye shi sai ya ce ai naɗi ya yi kyau, Bature ma ya yi kuka.

Da za ta hau jaki ta kira ni, ta goge mini allin gira da bakin zanenta, ta ce, "Can ka yi sharar Nasara. Amma in ka zo hutu ka taɓa tsintsiya gaban mutane, ni da kai ne."

Haka aka yi. Duk hutun da na je, tsofaffi na ce mini ranka ya daɗe, ita kuma kullum da safe tana share ƙofar ɗakina, bayanta a tanƙware, tana nishi. Ina zaune a kan tabarma ina kallo, raina na ƙuna, ba halin in karɓa.