Rubutu Mai Ruwan Toka

Jama'a, a gyara zama, a rage surutu. Ga mai girma Yayana, Sarkin Kore, maginin da bai taɓa riƙe cebur ba, wanda ya gina shaguna ba adadi amma ba ko ɗaya da za ka fake a ciki in ruwa ya sauko. Shafukan intanet yake ginawa. Ni ƙanensa ne, na bar makaranta ban sallami kowa ba, kuma duk ranar da zaman gida ya ishe ni, ofishinsu nake zuwa shan fanka.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai gyaran waya. Kujerar Yaya ma da tsohuwar kwamfuta aka tallafe mata ƙafa. Yana da wata manhaja da take bin duk abin da ya gina tana dubawa, ko makaho da mai raunin gani za su iya amfani da shi. In lafiya, ta nuna kore. In da matsala, ta yi ja. Yaya ba ya sa loma a baki sai ta yi kore, a nan ya samo sarautarsa.

Ba wanda ya sa shi. Tun da idon Babanmu ya fara hazo ya ɗauki abin da zafi. Baba tela ne, yanzu ko zare ba ya iya zura wa allura, likita kuma ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Burinsa ya ga aikin ɗansa da idonsa kafin duhu ya rufe. Yaya ya yi ta ce masa ya bari sai aikin da ya isa a nuna ya zo.

Ya kuwa zo: shafin wani babban mai sayar da kujeru. Mutumin ya kafe sai rubutun ya zama ruwan toka mai haske a kan fari, wai haka manyan mutane suke so. Manhaja ta yi ja.

"Oga, rubutun nan bai fito ba," Yaya ya ce wa shugaban ofishinsu.

"Ni ina gani."

"Kai idonka lafiya lau."

"To na gode wa Allah. Kashe wannan gwajin mu miƙa aiki."

Na sa baki na ce, "Oga, ko a riƙa raba wa masu saye tocila kyauta?" Oga ya tambaya wa ya bar ni na hawo bene.

Yaya ya kashe gwajin launi. Manhaja ta yi kore shar, amma abincinsa a kan tebur ya huce.

Da muka koma gida Baba ya ce a kawo masa ya gani, Yaya ya buɗe masa shafin a waya. Ya kai wayar har ta taɓa masa hanci, ya matsa bakin taga, ya karkata ta nan da can.

"Madalla," ya ce. "Fari tas. Akwai tsabta."

Mama ta tashi ta shige kicin, alhali ba abin da ta ɗora.

Abin ya tsaya min a rai, har bayan kwana uku dabara ta faɗo min. Na hau benen ofis ina haki, na ɗare kan teburinsa.

"Yaya, ka gode wa Allah da ya ba ka ƙane mai kai. Ka yi wa Baba nasa daban, baƙin rubutu, manya-manya kamar allon talla. Oga ba zai taɓa sani ba. Shawara kyauta."

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Na yi tun shekaranjiya. Wannan ɗin ma Baba bai iya gani ba. Sauka min daga kan tebur."